Baba Benson Ba Ya Huɗa

Baba Benson na gidanmu a Romi shekara ashirin ya yi yana gadin get a wata masaƙa a Kakuri, amma in yana ba da labari sai ka ɗauka shi ya kafa injinan. Shekarar da soja suka koma bariki aka sallami ma'aikatan masaƙar, ya ce ai gara ma, noma zai yi, ya samu aron fili a Kamazou. Mutumin da tafin hannunsa ya fi burodi laushi.

Wai shi ba ya huɗa, huɗa ta 'yan ƙauye ce, ya ji a rediyo, feshi kawai za ka yi ciyawa ta mutu ta kwanta sai ka tona rami da sanda ka jefa iri. Nicholas mai gonar kusa da shi haka yake yi kuma yana samu, amma Nicholas kullum yana gona, shi kuwa sai ran Asabar, da lema da takalmin coci.

Damina ta zo da gardama, ruwa ya sauka ya ɗauke sati uku, masara ta ƙone, ya sake shukawa tsutsa ta cinye. A Agusta ya ce wake zai sa. Iri kuwa babu sai na matarsa Mama Celina, wani jan wake mudu biyu, irin mamarta da ta rasu a Zonkwa, duk shekara tana shuka shi bayan ɗaki ta adana a tukunya cikin toka.

Ta ce, "Baban Debby, bar min ko rabin mudu."

Ya ce, "Ke me kika sani a noman zamani? Buhu zan dawo miki da shi."

"Buhun masarar ma yana ina?"

Ya kwashe duka.

Waken ya yi kyau fa, ba don shi ba, har ya yi fure, sai ƙwari suka sauka. Ya ɗauko tankin feshinsa da sauran maganin ciyawa a ciki ya antaya maganin ƙwari a kai. Nicholas ya leƙo ya ce, "Oga Benson, ka wanke tankin nan kuwa?"

"Magani ai magani ne, ƙarfi zai ƙara."

"Ciyawa da wake duk ɗaya ne a wurin maganin ciyawa fa."

"Ka taɓa aiki a kamfani?"

"A'a, injiniya. Allah ya ba da sa'a."

Sati ɗaya gonar ta yi rawaya ta bushe ƙarau. Mama Celina ta je ta bi ta layi layi a duƙe ko za ta samu kwanso ɗaya da ya tsira, babu, fure ne kawai ya mutu a jiki. Ta hau mota har Zonkwa ta zaga dangi gida gida, kowa ya koma irin gwamnati, ba mai ko ƙwaya.

Ranar da ta dawo ta same shi wurin mai shayi ya ɗora ƙafa kan benci yana bayani wai tun da farar hula suka hau magani ya zama jabu. Ta wuce shi ko kallo babu, ta shiga gida ta ba maƙwabciya tukunyar irin ta ce ta zuba gishiri.