Kunnen Aro

"Ni dai tun da gangar nan ta dawo daga gyara take tari," in ji ɗaya daga cikin yaran badujala biyu da ke tsaye a ƙofar shagon mai gyaran.

"Tari ma da sauƙi. Jiya da ka buga, na ɗauka kwanon rufi ne iska ke kaɗawa."

"Rage murya, yana ciki."

"Ko da lasifika ka faɗa, sai ka maimaita."

Yana ciki kuwa, kuma ya ji. Magana ba ta wuce shi in dai ta kunnen dama ta zo. Abin da ya daina ji shi ne siririn sautin wayoyin da ke manne a ƙarƙashin ƙaramar gangar badujala, masu yin tsss in an buga, kamar ruwa ya ɗiga a mai mai zafi. Da wannan sautin kuwa yake ci da iyalinsa.

Baba Noti ake ce masa a layin, don aljihunsa ba ya rabo da notuna da ɗan mabuɗin ɗaure ganga. Da ƙuruciyarsa makaɗi ne, masu bigila na hura masa a ƙeya shekara da shekaru. Da ƙafa ta gaji da fareti, ya buɗe shago a ɗakin da ke gaban gidansa. Dokarsa ba ta canza ba: ba a ɗaure noti bi da bi. In ka murɗa wannan, sai ka tsallaka ga wanda ke fuskantarsa, sannan ka bi gefen fatar da yatsa kana ƙwanƙwasawa har duk su yi murya ɗaya. Fata mai kauri a sama don shan duka, siririya a ƙasa don wayoyi. Duk roba ce yanzu, amma shi fata yake ce mata.

Shugaban 'yan badujalar, ɗan amininsa, ya yi sallama ya ajiye gangar a teburi.

"Baba, ta dawo."

"Fatar ce. Na ce ku sayo mai farin rufi, kun je kun kwaso mai sheƙi."

"Mai farin rufin ce, Baba. Ga ta nan."

Ya duba. Ita ce.

"Asabar muna da wasa. In ta sake fita haka, yaran sun ce a kai sauran gangunan wajen mai gyaran bakin kasuwa. Ni ba na so."

Bayan ya fita, Baba Noti ya kwance notunan duka, ya goge bakin gangar, ya sake ɗaurawa. Ya buga. Ya ji dukan, bai ji tsss ba. Ya ƙara tamke wayoyin. Shiru. Ya sassauta, ya kanga kunne har gemunsa na shafar fatar, ya zage ta, ya zagi wanda ya ƙera ta.

"Maigida, har yanzu da majina a hancinta," in ji matarsa daga tsakar gida, inda take wanki.

"Ke kuma me kika sani a ganga?"

"Ni da na tsufa ina shan wannan masifa ta bango? In ta daidaita ai nakan riga ka sani, don a lokacin kake tuna akwai abinci a duniya."

Ya murɗa notin wayoyin kaɗan, da hushi, ya buga.

"Ka wuce. Yanzu ka shaƙe ta."

Ya mayar da rabin abin da ya murɗa. Ya buga.

"Ta kusa."

Shi dai duk ɗaya ya ji su, na farko da na ƙarshe. Ya daɗe yana jujjuya mabuɗin a hannu, yana kallon ƙofar da shugaban ya fita. Sannan ya jawo kujera ya ajiye kusa da tasa.

"Uwar yara, bar wankin nan haka. Zo ki zauna nan ki ara mini kunnenki, amma don Allah kada maganar ta wuce ƙofar nan."