Sunaye Sittin da Ɗaya a Kan Tudu

Mako guda bayan an binne mijinta Delmer, Verna Sizemore ta koma aikinta a kicin ɗin makarantar sakandare. Kowa ya riƙa kauce mata, ba don ƙiyayya ba, sai don an rasa abin da za a ce da ita. Ranar nan da tsakar rana sai ga malamin tarihi, Orval Tackett, ya shigo riƙe da tirensa. Ya jawo kujera kusa da wurin wanke-wanke, ya ci wakensa da burodin masara. Da ya gama ya ce, "Waken nan ya ji gishiri daidai, Mis Verna." Ya fita. Haka ya yi ta yi har watan ya ƙare.

Dogo ne siriri, kullum cikin kwat ɗaya ruwan ƙasa. Bai taɓa aure ba. Shi kaɗai yake zaune a gidan bakin layin dogo, inda jirgin kwal ya daɗe da daina wucewa. Ba ya zuwa coci, abin da ya daɗe yana damun Verna, har ta sa shi cikin addu'arta ba tare da ta gaya masa ba.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da tarihin Amurka a wannan ƙaramin gari na gabashin Kentucky. Yakan bi littafi har watan Mayu. Daga nan sai ya rufe shi, ya raba wa ɗalibai fartanya da manjagara, su hau tudun da ke bayan makaranta.

A can tsohuwar maƙabartar masu haƙar kwal take. A garin, kowane gida yana da kaburburan danginsa, kuma Lahadin ƙarshen Mayu ake zuwa a share su, a sa furanni, a ci abinci a gindin itatuwa. Amma na kan tudun nan ba su da kowa. Baƙi ne da suka zo aiki: 'yan Hungary, 'yan Italiya, baƙaƙen fata daga Alabama. Da aka rufe ramin kwal, iyalansu suka watse. Wasu kaburburan ma dutse ne kawai aka kafa, ba rubutu. Malam Tackett ne ya bi tsofaffi da tsofaffin takardu har ya gano wanda ke kwance a kowanne, ya rubuta a wani baƙin littafi. Mutum sittin da ɗaya. In ba shi ba, babu wanda ya san su.

Kowane ɗalibi kabari ɗaya ake ba shi. Ya nome ciyawa, ya binciko inda mutumin ya fito da abin da ya kawo shi, sannan ya tsaya ya kira sunansa kowa ya ji. Verna ce ke hawo musu da soyayyun kaji a kwando, shi ya sa ta sha jin hirarsu.

Wata shekara wata yarinya mai tsiwa, Darlene, ta dafa fartanya ta ce, "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?"

"Ba zai fito ba."

"To me ya kawo mu nan?"

"Shi ma wanda kike tsaye a kansa haka ya tambaya, ranar da ya sauka daga jirgi."

Ta yi tsalle ta koma gefe, sauran suka tuntsire da dariya. Amma Verna ta lura da ita da ta zo kiran sunan. A hankali ta kira shi, kamar mai tsoron kada ta fasa wani abu.

Daga baya aka kawo sabon shugaban makaranta. Ya ce akwai macizai a tudun, kuma jarrabawar jiha ba ta tambayar kaburbura. Ya hana hawa. Malam Tackett bai yi gardama ba. Bayan shekara biyu aka haɗe makarantar da ta babban gari, ya ajiye aiki.

Bai daina hawa ba. Daga tagar kicin ɗin gidanta Verna kan hango kwat ɗin nan yana tafiya cikin ciyawa, ya tsaya, ya sunkuya, ya matsa gaba. Kowace shekara tsayuwar tana ƙara tsawo. Shekarar da gwiwa ta hana shi kaiwa ko rabin tudun, ƙanwarsa ta zo daga Ohio ta ce sai ya bi ta. A can ya rasu.

Ana gobe zai tafi Ohio, da hantsi, ya ƙwanƙwasa ƙofar Verna. Ya ƙi shiga. Ya tsaya a baranda da baƙin littafin a hannu.

"Mis Verna, na san ba za ki iya noman tudun nan ba. Ba shi na zo nema ba."

Ta buɗe littafin, ta bi layin farko da yatsa. Haruffan sun cunkushe mata. Ta ce, "Malam, ni aji takwas na tsaya. Sunayen nan sun fi ƙarfin bakina. Ka ba fasto mana."

"Fasto zai yi musu wa'azi. Sun sha wahala isasshiya."

Ta so ta tsawata masa, dariya ta kusa ƙwace mata. "Zan ɓata su fa."

"Ni ma shekara talatin ina ɓata su, ba wanda ya tashi ya gyara mini."

Ya juya ya dubi tudun. Sannan ya ce, "Ranar gyaran kaburbura, in kin gama da na Delmer, ki je gindin tudun. Ba sai kin hau ba. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya, kada ki tsallake ko mai wuya. Kuma don Allah ki ɗaga murya, kada ki yi a zuci."