Baba Leo, wanda ya mayar da ni kan sitiyari

Shekara goma ke nan da rasuwar Baba Leo, kuma har yau in sanyi ya shigo Fort Washington, shi nake fara tunawa. Bature ne, tsoho, maƙwabcina. Ni kuwa direban tasi ne, mutumin Maraɗi, wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai da furfura ta fara fito masa.

Baba Leo yana cikin 'yan tseren siki na farko-farko a ƙasar nan, wato masu ɗaura dogayen katakai a ƙafa su gangaro daga kan dutse bisa ƙanƙara. A zamaninsu katako ne na gaske da igiyar fata, babu hular kwano, babu na'urar da ke ɗaga mutum sama. Da ƙafa ake hawa dutsen. Ya ci kofuna, sannan ya karye a cinya, karayar da ta raba shi da tsere. Sai ya koma koyar da yara a duwatsun arewa har ƙarfinsa ya ƙare, 'yarsa Karen ta ɗauko shi ya dawo wurinta. Ni nake kai shi wankin ƙoda a Largo.

Wata shekara ƙanƙara ta kama hanya, motata ta zame da ni da fasinja muka faɗa rami. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Amma wallahi tsoro ya shige ni. In na ga farin abin nan a ƙasa sai in ƙi fita, har na ajiye makulli. Tuƙi ne kaɗai sana'ata, ga yara uku a makaranta. Uwargida har ta fara zancen mu tattara mu koma gida.

Da tsohon ya ga wani direba ke zuwa ɗaukarsa, ya dogara sandarsa har ƙofata. Ya sa na ba shi labarin yadda abin ya faru, ya tambaye ni inda na koyi mota. Na ce a rairayin hanyar Dakoro, inda in mota ta fara nutsewa sai ka ba ta wuta, ka riƙe sitiyari gam. Ya yi dariya har da tari.

"To ai ga ciwon nan, Isufu," ya ce. "Ƙafarka tana tsammanin har yanzu a cikin yashi take."

Ya kai ni wani filin ajiye motoci mai gangara. Bai bar ni na tayar da mota ba. Sai da muka taka gangarar da ƙafa, yana ɗingishi, yana nuna mini inda rana ta narkar da ƙanƙara ta sake daskarewa, da inda inuwar bishiya ta ɓoye santsi. Ya ce haka yake yi kafin kowane tsere, kuma bai taɓa barin yaro ya gangara dutsen da bai taka ba. Sannan ya sa na cire takalmi na tuƙa da safa, don in ji birki a tafin ƙafata. Ni magidanci mai 'ya'ya, ba takalmi a cikin wannan sanyi! Masifaffe ne in yana koyarwa, ba ya yabo, in ka yi daidai sai dai ya yi shiru. Na sha jin haushinsa, ba zan ɓoye ba.

A ƙarshen sanyin nan aka yi dusar da ta tsayar da gari cak. Karen ta buga mini waya tana kuka, ranar wankin ƙodar mahaifinta ce, duk direbobi sun ƙi fitowa. Na yi bismilla na ɗauki makulli, na je na ɗauko shi. A wata gangara bayan motar ya fara juyawa, ƙafata ta nufi totur. Na janye ta a hankali, motar ta dawo kan hanya. Na dubi madubi, tsohon yana kallon waje abinsa. Da muka isa asibiti abin da ya ce kawai shi ne in zo da wuri in ɗauke shi. Tun ranar ban sake ajiye makulli ba.

Yau motoci suna da kamara, suna gyara zamiya da kansu, direba yana bin abin da waya ta gaya masa. An ce ko ƙanƙarar da ake tsere a kanta yanzu inji ke fesa ta. Da yana nan na san zai yi tsaki, sannan ya nemi a kai shi ya taɓa ta da hannu. Amma ina jin zai ji daɗi in ya ga babbar 'yata ta gama karatun jinya, tana aiki a Largo ɗin nan da nake kai shi.

Kofunansa suna cikin kwali a gidan Karen, hotunansa sun koɗe, waɗanda suka san sunansa a fagen tsere sun kusa ƙarewa. Addininmu ba ɗaya ba ne, na bar shi da Mahaliccinsa. Abin da na sani shi ne gidana yana tsaye a ƙasar nan saboda shi, kuma ina gode masa.

Ranar jana'izarsa na zauna can baya da hulata. Aka ce duk wanda marigayin ya taɓa koya wa siki ya miƙe. Tsofaffi maza da mata suka tashi, wasu da sanda. Karen ta waiwayo, ta tako har inda nake, ta ce mahaifinta ya bar saƙo cewa ni ne ɗalibinsa na ƙarshe. Ban taɓa ɗaura siki a ƙafata ba, har yau. Na miƙe cikinsu, hawaye na zuba.