Maganin Kitsen Abdulgani

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 ta Legas ya san Abdulgani ɗan dako. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, amma shekara goma sha tara ya yi yana sauke buhunan albasa daga tirela. Kullum daga Agege yake fitowa da gammonsa a hammata. Ba gona, ba rumfa. Wuyan nan nasa shi ke ciyar da matarsa Bilkisu da 'ya'ya huɗu.

Da ciwon suga ya kama shi, likita ta ba shi magani iri biyu. Ta ce ɗaya na suga ne, ɗayan na rage kitsen jini, don jijiyoyin zuciyar mai suga kan toshe ba sallama.

Abdulgani ya tuntsire da dariya. "Kitse? Likita, dube ni fa da kyau. Ko dafa ni aka yi, ba a samun maiƙo."

Na suga ya riƙe shi hannu bibbiyu. Na kitsen kuwa ya ga asara ce a jikinsa, sai ya kai wa ubangidansa Nassirou, dillalin albasa ɗan Nijar mai tumbi kamar randa. A ganinsa alheri ya yi. Duk wata in ya karɓo, sai ya miƙa masa. Shekara uku cur! Wallahi har yau abin na ci mini rai.

Wata Talata da hantsi, buhu na kansa, ya ji kamar an ɗora masa wani buhun a ƙirji. Gumi ya karyo masa, ya zube. A asibiti aka ce jijiya ce ta toshe. Ya rayu, amma shi da dako har abada.

Yanzu yini yake a bencin ƙofar gida. Ba ya fashin maganin kitsen, sai dai ihu bayan hari ne. Bilkisu ta fara tallan awara, abin da ko cefane ba ya kaiwa.

Rannan Nassirou ya zo dubiya, fuska sai sheƙi take. "Allah ya saka da alheri, Abdulgani. An auna ni, an ce jinina fes."

"Madalla," in ji Abdulgani.

Da baƙon ya tafi, ya ce wa Bilkisu ta kawar da gammon nan daga idonsa. Ta ɗauka, ta aza a kanta, ta ɗora tiren awara, ta fita.