Mai Aski da Masoronsa

Ɗan turmin ƙarfen yana tsakanin ƙafafunsa, Baba Mai Aski ya duƙa yana dakan masoro, kamar yadda yake yi kowace safiya kafin ya fita shago. Baƙaƙen ƙwayoyin suna fashewa, ƙamshinsu mai yaji yana bi ta ƙarƙashin labule. Ya ɗaga taɓarya, ya kasa kunne. Daga cikin ɗaki atishawa ta amsa masa.

"Sannu, maman yara. Kin tashi ke nan?"

"Ina na ga barci, Malam? Matan mutane agogo ke tashe su, ni kuwa turminka."

Tun yana saurayi yake tsaye a bayan kujerar aski. Kawunan unguwar nan duk sun bi ta hannunsa, ya san inda gashin kowa ke murɗewa, ya ga sanƙon mutane kafin masu shi su gani. Madubinsa ya tsufa tare da shi, gefe ɗaya ya yi duhu. Amma tsayuwar shekaru ta ci gwiwoyinsa. Wani da yake yi wa aski ne ya ce ya riƙa shan kurkur da ɗan masoro a ruwan ɗumi, wai masoron ne ke sa jiki ya karɓi kurkur ɗin. Ya gwada, ya ce ya ji sauƙi. To, Baba mutum ne mai ganin cewa idan kaɗan ya yi amfani, mai yawa zai fi. Ɗan barbaɗe ya koma cokali, cokalin ma har da tozo.

Daga nan jiri ya fara zuwa. Yana tsaye da almakashi sai ya ga madubi yana lilo. Ya ɓoye wa kowa, har ranar da rezarsa ta ɗan yanki kunnen wani tsohon direba, abokinsa.

"Kai, tsoho! Gashi na kawo, ba kunne ba!"

Aka yi dariya, ban da Baba. Labari ya kai ga babban ɗansa. Da yamma ya zo, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Reza ba ta hannun mai jiri ba ce. Ba ni makullin shagon, ka huta."

Baba ya miƙa masa. Kwanakin da suka biyo baya ya wuni a bakin taga, yana kallon ƙeyar masu wucewa, yatsunsa suna motsi su kaɗai.

Da matarsa ta raka shi asibiti, likita ta auna shi, ta ga jininsa ya sauka ƙasa sosai, bugun zuciyarsa ya yi sanyi.

"Baba, ban da ƙwayar hawan jinin nan, akwai wani magani da kake sha?"

"Ko ɗaya, 'yata."

"Malam," in ji matarsa, "masoron fa?"

"Masoro magani ne? Kayan miya ne!"

"Kayan miya da cokali, kullum, kafin karin kumallo? Likita, hancina shaida ne."

Likitar ta ajiye biro. Ta ce a cikin masoro akwai wani sinadari, shi ne ke ba shi zafin nan, kuma yakan rage saurin da hanta ke fitar da wasu magunguna daga jiki. Sai maganin ya daɗe a jini, ƙarfinsa ya wuce yadda aka auna. Irin ƙwayar da yake sha tana cikinsu. Ɗan barbaɗe a abinci ba matsala, amma cokali cike wani zance ne.

"Wato masorona ne ke riƙe wa ƙwayar ƙofa," in ji Baba.

"Da alama. Ka bar cokalin, kada ka bar ƙwayar, mu sake aunawa mu gani."

Da suka koma, awo ya daidaita, ƙasa ta daina juyawa. Gwiwa dai ta dawo da ƙorafinta, ɗan ya sayo masa doguwar kujera don ya riƙa zama tsakanin kai da kai. A kanta ya ɗora makullin, ya tafi.

Washegari Baba ya jawo turmin. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ya jefa, na barbaɗawa a kan ƙwai. Ya daka, ya ɗaga taɓarya, ya kasa kunne. Shiru. Ƙamshin bai ko kai labule ba. Ya zauna yana kallon cikin turmin.

Can sai ga atishawa, ƙatuwa, har da wani ja a ƙarshenta.

"Maman yara, wannan ta ƙarya ce."

"To, kai ka sani. Tashi ka tafi, kawunan mutane sun zama daji."

Ya goge taɓaryar, ya saka makullin a aljihu, ya rungumi doguwar kujerarsa. Ya ɗage labulen da kafaɗa, ya fita.