Gwaggo ta tsince mini tana

Jiya na dawo kasuwa na tarar da Gwaggo, wadda ta zo mana daga Korahane, zaune gaban tsohuwar randata. Wata uku ina kiwon tana a ciki, ina zuba musu ɓawon kayan miya don in samu takin garka.

Na leƙa, ko ɗaya babu!

"Gwaggo, ina tanar?"

"Tsutsa ce ta ɓata maki taki, ɗiyata. Tun hantsi nike tsintar su, na ba zabi. Ƙyamar su nike, don ke na daure."

Ga ta tana murmushi, godiya take jira.

Na ce, "Sannu da aiki, Gwaggo."

Jama'a, in faɗa mata gaskiya, ko in bar ta da ladarta?