Tsohon da Muka Ce Babu Shi

Shekara biyu da ba mu jiha, ina koyarwa a wata firamare a Gusau, aka zo neman waɗanda za su yi wa wani kamfani na Legas aikin jin ra'ayin jama'a. Hutu ake yi, zafin bazara ya hana kowa sakat, ni kuwa ba abin da nake yi sai kai babur ɗin wana layin mai in dawo da shi da turi. Na ba da sunana. Kwana uku ana koya mana aikin. Oganmu wani siririn mutum ne daga Kaduna, ba ya dariya sai in wani ya yi kuskure.

Tambayoyin a kan gwamnatin soja ne da shugabanta. Kana jin daɗin yadda ake mulki? Kana so shugaban ƙasa ya tuɓe kaki ya zarce? Rayuwarka ta fi ta bara ko ta lalace? An taɓa rasa abinci a gidanku a daminar da ta wuce? Kowace tambaya da akwatunanta, kai dai ka sa alama. Wa ya ba da aikin, oga ya ce ba ruwanmu.

Aikin yana da ƙa'ida. Ka ƙirga gidaje, ka tsaya a na biyar. Ka jera manyan mazan gidan daga babba zuwa ƙarami, sai wani jadawali da ke bayan fom ya nuna maka wanda za ka tambaya, ko shi ne maigida ko ba shi ba. Ba a rubuta suna, amma za ka kwatanta gidan da mutumin, don oga yakan koma wasu gidajen ya tabbatar ka je. Sannan ka keɓe da mutum, kada kowa ya ji amsarsa. Wannan ta ƙarshe oga ya maimaita ta har muka gaji.

Aka ba ni Furfuri da Nahuce, ta wajen Bunguɗu. A Furfuri na gane aikin banza ne. Mutum ga ƙashin wuyansa a waje, taki ya gagare shi, kananzir ya gagare shi, ka tambaye shi gwamnati sai ya dubi biro ɗinka ya ce alhamdu lillahi. Shugaba ya zarce? Allah Ya zaɓa mafi alheri. Babu akwatin wannan amsar, sai in sa masa "e". Ban ga laifinsu ba yanzu, lokacin kowa tsoron bakinsa yake yi, amma a ranar raina su na yi. Da na yi gida bakwai na ji abu ɗaya, sai na sami gindin tsamiya a bayan gari na cike sauran da kaina. Har canza biro nake yi don kada su yi kama.

A Nahuce gida na biyar daga masallaci shi ne mai zaure da daɓen siminti. Maigidan ba zai wuce shekara arba'in ba, ƙato, ya maƙala bajen hoton shugaban ƙasa a aljihun rigarsa. Shi ne ke raba takin gwamnati a yankin, kuma yana neman kansila. Mutane biyar ko shida na zaune a gabansa. Na yi sallama, ya amsa bai dube ni ba, ya bar ni tsaye da jakata har ya gama wani labari mara daɗi da kowa ya yi wa dariya. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ce, "Malamin makaranta na? To zamna ƙasa ka rubuta, ni ad da gidan ga, abin da nac ce shi na ra'ayin Nahuce."

Na zauna a ƙasa. Tun daga nan na ƙullace shi.

Na ce ya jera mini mazan gidan. Ya faɗi kansa da ƙannensa biyu. Wani daga cikin mutanen ya ce, "Ga kuma Baba." Maigida ya yamutsa fuska ya ce wannan ba ya cikin lissafi, ƙanen mahaifinsa ne, tsoho, ido ya tafi. Na ce ƙa'ida ta ce kowa. Na duba jadawali, ya faɗa kan babba a gidan, wato tsohon. Wallahi ban murɗe ba, haka ya faɗa. Amma daɗin da na ji ba kaɗan ba ne.

Aka aika a kira shi. Ya daɗe bai fito ba, ashe ado ya tsaya yi. Ya fito da wata tsohuwar babbar riga shuɗiya mai layin ninki, wadda daga gani ta shekara a akwati, da ƙaramar rediyo ɗaure da roba a hannunsa. Daga baya na ji ya yi aikin gurzar auduga a Gusau har ƙarfinsa ya ƙare, 'ya'yansa maza sun rasu, saura ɗiya ɗaya da ke aure a Kucheri. Ɗan wansa ya ba shi ɗaki a bakin turke. Ya laluba ya zauna, ya ce, "Ni anka ce gwamnati na nema?"

Na ce, "Ra'ayinka ake so, Baba."

Ya ce, "Ɗana, rabon da a tambaye ni ko mi nike so ga miya na manta."

A nan ya kamata in ja shi gefe. Ga inuwar bishiyar bedi can babu kowa, na gan ta. Ban ja shi ba. Na gyara zama a tsakiyar zauren, na ɗaga murya kamar ina gaban 'yan aji, don ina so in ga fuskar mai bajen.

Tsoho bai ba ni kunya ba. Yana jin daɗin mulki? Ya ce ko kaɗan. Shugaba ya zarce? Ya ce, "Shi zarce ina? Wanda yag ga mun gaji ai sai shi sauka." Ya kawo maganar mai, ya kawo ta taki, ya ce shi kullum yana jin rediyo, ya san abin da duniya ke faɗi. Mutanen zauren suka sunkuyar da kai, wasu na danne dariya. Maigida ya ce, "Baba, kai dai ka yi hankali." Ni kuwa sai ƙara zuga shi nake yi. Kowace amsa sai na maimaita ta da ƙarfi wai don in tabbatar, in ce, "Wato ka ce bai kyauta ba ko, Baba?" Shi kuma ya ce, "Rubuta, ɗana, rubuta da kyau."

Da a nan na tsaya, da wataƙila faɗa kawai za a yi masa. Sai na zo tambayar abinci. Na san abin da tambayar take nufi a gaban baƙi, ni ma ɗan gida ne, ba daga Legas aka kawo ni ba. Na karanta ta a hankali.

Ya ce, "Ga damana? Ai ni sau guda nika ci. Wata rana sai an kwashe a tuna da ni. Kwana biyu na taɓa yi sai ganyen tafasa da wata maƙwabciya tab ba ni."

Ba wanda ya yi dariya. Mutumin da ke raba wa gari taki, mai neman ƙuri'arsu, an faɗa a zaurensa cewa ƙanen ubansa na kwana da yunwa. Na dubi maigida, fuskarsa ta yi baƙi. Abin da na zo gani ke nan, na kuwa gani. Na ce, "To sau da yawa ke nan," na sa alama, na kwatanta gidan a baya da rubutuna mai kyau: na biyar daga masallaci, zauren siminti, tsoho mara gani. Tsohon ya riƙe hannuna da nasa biyu yana sa mini albarka. Na hau mota ina ba kaina labarin ina dariya, da na isa Gusau ma na ba abokai, har da kwaikwayon muryarsa.

Bayan mako biyu oga ya zaɓi fom ɗin da zai bi, na Nahuce na ciki. Dole ya zaɓe shi, shi kaɗai ne a cikin nawa ya ce a'a. Muka tafi tare. Maigida ya tarbe mu da fara'a, har da tabarma a wannan karon. Oga ya ce yana son ganin tsohon da aka yi hira da shi.

"Wane tsoho?" in ji shi. "Ranka shi daɗe, gidan ga babu tsoho. Mu ukku na, ni da ƙannena. Malamin ga dai ya zo ya sha ruwa yat tahi."

Mutanen da ke zaune su ne dai na ranar. Oga ya tambaye su, suka ce ba su san zancen ba. Duk suna jiran taki. Daga inda nake zaune ina hango ɗakin bakin turke, an cire asabarin ƙofar, an jibge buhunan dusa a ciki.

Oga ya juyo gare ni. Ya ce in na tsaya a kan cewa na yi hirar, ƙa'ida ita ce ya bi fom ɗina ɗaya bayan ɗaya, har da na Furfuri, don a san mai gaskiya. In kuwa na amsa cewa wannan ɗayan na ƙirƙira, zai soke shi, ya yi mini gargaɗi, a wuce wurin. Na tuna gindin tsamiya. Ban ko daɗe ina tunani ba. Na ce na ƙirƙira ne, rana ta yi zafi, na gaji. Ya sa na rubuta da hannuna a kan fom ɗin cewa babu wannan mutumin, na sa hannu. Ya ja layi biyu a kai, kuma a ranar na ga dariyarsa. Maigida ya raka mu har bakin mota yana ba oga haƙuri a madadina, wai yaran yanzu sai a hankali.

Na Furfuri duk suka wuce lafiya.

Ana gab da saukar ruwa na je Tsafe ɗaurin aure. Ina neman mota a tasha na ji wata rediyo na shiii a gindin katangar masallaci. Shi ne. Babbar rigar ce dai a jikinsa, amma ta daina zama shuɗiya. Da na wuce abina da ba zai sani ba, sai bakina ya riga ni, na yi sallama. Ya ɗago kai ya ce, "Mai takarda na?"

Ya ba ni labari ba tare da ya zarge ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Washegarin hirarmu aka sa shi a mota, aka ce ya tafi wurin ɗiyarsa tunda a nan ba a ba shi abinci. Ya je Kucheri ya kwana uku. Ya ce, "Ɗana, namiji da gemunai shi zamna gidan suruki shina jiran a miƙo mai tuwo? Ban iyawa." Shi ne ya dawo tashar Tsafe, da yake ba nisa da Kucheri. Ɗiyar takan aiko da ɗan abin da ta samu in an sami mai zuwa.

Sai ya laluba ya kamo gefen rigata. "Alfarma guda nika nema. Wagga magana ta abinci, ka goge ta. Ta gwamnati bar ta nan, gaskiya ta. Amma ta abinci ka goge, ka kai ma yaron shi gani da idonai. Ni nay yi kuskure, ba a tona asirin gida. In yag gani an goge zai huce. Ɗakin nan nika so, can uwayena suke kwance."

Ban iya gaya masa an soke takardar gaba ɗaya ba, balle in ce da hannuna na rubuta babu shi. Na ce zan je ranar Alhamis. Ya ce Allah Ya yi mini albarka, ya sake rigata.

Ban je ba. Alhamis ta zo na ce babu mai, ta biyu na ce an koma makaranta. Gaskiyar ita ce ba na son in sake zama a zauren nan gaban mutumin da ya san ko ni wane ne. Daga Gusau zuwa Nahuce ba wata tafiya ba ce, na sha zuwa inda ya fi nan nisa don kallon ƙwallo. Ana cikin haka shugaban ƙasar ma ya rasu, aikin ya watse, ban taɓa jin inda aka kai sakamakon ba. Mutanen da suka ce alhamdu lillahi suka fito da maganganun da suka fi na tsohon zafi, ba wanda ya kore su daga ko'ina.

Tsakiyar damina wani direban Tsafe ya gaya mini an tsinci tsohon nan mai rediyo ya cika a inda yake zama, kuma ɗan wansa ya aiko da mota an ɗauke shi. A Nahuce aka binne shi, kusa da iyayensa. Sai a lokacin na sami mai.

Zauren ya cika da masu ta'aziyya. Maigida na zaune a tsakiya, an cire baje, yana share ido da bakin rawani, ana ta yaba masa yadda ya riƙe Baba har ƙarshe. Na tsuguna na miƙa masa hannu na yi addu'a. Ya riƙe hannuna bai sake ba, ya dube ni sosai, ya ce da murya yadda kowa zai ji, "Malam, ashe kai ma ka san shi?"

Duk aka zuba mini ido. Na ce a'a, wucewa nake yi na ga taro.